Allon garin katako: abin da zai yiwu a Imanan da wanda ba zai yiwu ba

Tun da aka datse gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a ƙarshen watan Yulin 2023, bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, duk wani kaya mai nauyi da Nijar ke saye daga bakin teku ya ƙara kuɗi. Ƙungiyar CEDEAO ta janye takunkuminta ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma hukumomin Yamai suka ci gaba da rufe iyakarsu da Benin bisa dalilin tsaro. Kwantenar da a da ke sauka Kwatano ta kamo hanya miƙe, sai ta koma sauka Lome, ta ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, ta kwashe makonni kafin ta iso. An yi ta maganar shinkafa da magani da siminti. Katako ne ba a cika ambata ba, alhali babu gidan da za a rufa, ko amaryar da za a kai ɗaki, ko ajin da za a buɗe ba tare da shi ba.

Nijar ba ta da dajin da ake yanka falanki. Farin katako da jan katako da ke jibge a kasuwar Katako ta Yamai daga Najeriya da Benin da Ghana da Kwaddibuwa suke fitowa. Faffaɗan allunan nan da kafintoci ke haɗa gado da kabad da teburin ofis da su, masu fata mai sheƙi kamar itacen gaske, su ma baƙi ne, daga ƙasashe irin su Sin da Turkiyya. Idan ka ɓantari gefen ɗaya daga cikinsu za ka ga asirinsa: ɓarɓashin itace ne da garin zarto aka cakuɗa da gam aka matse. Kafintocin Nijar na kiransa da sunansa na Faransanci, agilomere.

To, abin da aka yi da shara, me zai sa a yi ta biyan kuɗin jirgi da na mota da na kwastan a kansa? Duk matashin da ya taɓa cin karo da bidiyon injin nan a TikTok ko YouTube, inda ake zuba gari ta nan allo na fita ta can, ya yi wa kansa wannan tambaya. Ta fi damun 'yan ci-rani, waɗanda ke tara kuɗi a Abijan da Akra da Legas suna neman abin da za su kafa a gida. Tambaya ce mai kyau, musamman a lokacin da dogaro da kai ya zama taken kowa. Sai dai ya kamata a auna ta a wuri na zahiri. Mu ɗauki Imanan, gundumar da ke cikin kwarin Dallol Boso a yankin Filinge na jihar Tilaberi, wadda babban garinta Bonkuku ke kimanin kilomita 140 daga Yamai kan hanyar da ta bi ta Baleyara.

Yadda ake yin sa

Wannan allo ɗan lokacin ƙunci ne. Wani Bajamushe mai suna Max Himmelheber na cikin waɗanda suka fara aiki a kansa a shekarun 1930, masana'antar farko kuma an buɗe ta ne a birnin Bremen na Jamus a 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, lokacin da katako mai kyau ya yi wuya. Yau duniya na yin kimanin mita kubik miliyan 100 a shekara, kuma akasarin kayan ɗaki masu sauƙin kuɗi na kamfanoni irin su IKEA da shi ake yi.

Aikin a baki ba wuya. Ana niƙa guntayen itace, a tankaɗe su, manya gefe ƙanana gefe. A busar da su a cikin ganga mai zafi har danshinsu ya sauko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari. A fesa musu gam. A shimfiɗa su hawa uku, laushin gari sama da ƙasa, masu kauri a tsakiya, sannan a danne da injin matsa mai zafin da ke kai digiri 200. Zafin ne ke dafa gam ɗin ya kama. Daga nan sai yanka da goga da liƙa fata.

Garin zarto kaɗai ba ya yin allo mai ƙarfi. Dogayen ɓarɓashi na tsakiya su ne ƙashin bayansa, garin kuwa fuska yake gyarawa, kuma yana shan gam da yawa. Wannan shi ne abu na farko da bidiyon ba ya faɗa.

Lissafi

Allo ɗaya mai faɗin mita 1.22 da tsawon mita 2.44 da kaurin milimita 18 yana da nauyin kilo 35 ko kusa da haka. Masana'antar da za ta yi mita kubik 30,000 a shekara ƙarama ce ƙwarai a ma'aunin yau, tunda a Turai akwai masu yin fiye da dubu 500. Amma ko wannan ƙaramar na buƙatar busasshen itace kusan tan 17,500 a shekara, wato tan 50 kowace rana, har da ranar Sallah. Ina za a samo tan 50 na garin katako kullum a Imanan?

Garin katako yana taruwa ne inda ake yanka gungume. A Okobaba da ke Ebute Metta a Legas, masu injin yanka sun shafe shekara da shekaru suna ƙona shi a bakin ruwa don sun rasa yadda za su yi da shi, hayaƙin na tashi har kan gadar da ake kira ta uku. A irin wannan wuri ne sharar take. A Bonkuku ko Filinge kuwa, kafinta yana sayo falankinsa yankakke ne daga Yamai, abin da ke zuba ƙarƙashin teburinsa bai wuce 'yan buhuna ba. Ko a Yamai ɗin, inda ya fi yawa, yana da masu shi tun kafin ya taɓa ƙasa: masu kiwon kaji na shimfiɗa shi a akurki, masu abincin sayarwa na cusa shi a murhun gwangwani, masu ƙanƙara na binne kayansu a ciki don kada ya narke. Ranar da masana'anta ta fara saye da yawa, ranar farashinsa zai tashi, maganar kayan banza ta ƙare.

Idan gari bai isa ba, ido zai koma kan itatuwa, kuma nan ne haɗarin yake. Arzikin Dallol Boso gawo ne da goriba. Gawo na zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana a ƙarƙashinsa, ya taki ƙasa, da rani kuma ya zubo 'ya'ya dabbobi su ci. Dokar gandun daji ta 2004 ta hana a sare irinsa kai tsaye ba izini. Sabara da geza na kan tudu kuma tuni motocin itacen girki na Yamai suka daɗe suna kwasar su, a ƙasar da mafi yawan gidaje da itace suke dafa abinci. Manoman Maraɗi da Damagaram sun shafe shekaru tun daga 1980 da wani abu suna rainon tohon itatuwa a gonakinsu har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, abin da duniya ke yaba wa Nijar a kansa. Injin da ke cin tan 50 a rana zai iya warware irin wannan aiki a gunduma guda cikin 'yan shekaru.

Sai gam. Wanda aka fi amfani da shi ana haɗa shi ne daga yuriya, wato takin zamanin nan fari, da wani sinadari mai suna fomaldihaid, dangin ruwan fomol da ake adana gawa da shi a asibiti. Yana cin kamar kashi 8 cikin ɗari na nauyin allo, amma a kuɗi rabonsa ya fi haka nesa. Ƙaramar masana'antarmu za ta sha kimanin tan 1,500 a shekara. Nijar ko takin yuriya daga waje take sayo shi. Kuma ruwan gam ɗin ba ya jure ajiya a zafi, cikin 'yan makonni yake daskarewa. Ka ga ke nan an gudu daga shigo da allo ta Lome, an faɗa shigo da gam ta Lome.

Wuta kuwa ba sai an tsaya dogon bayani ba. Wanda ya zauna Yamai a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar, ya san abin da ake nufi. Madatsar Kandaji ba a gama ta ba. Injin matsa idan ya huce a tsakiyar aiki, abin da ke cikinsa ya lalace. Ga dokar ta-ɓaci da matsalar tsaro da suka dabaibaye arewacin Tilaberi, waɗanda ke sa mai jari ya yi tunani sau biyu kafin ya girke injin ɗaruruwan miliyoyin sefa a kan hanyar Filinge.

Najeriya mai daji da tashar jirgin ruwa da kamfanonin yuriya ta taɓa samun masana'antun allo, ciki har da tsohon kamfanin AT&P na Sapele. Sun durƙushe, yau ita ma shigo da allo take yi.

Karan hatsi fa?

Mai kaifin tunani zai ce a bar itace, a yi da kara. Gaskiya ne ana yi. A Kom Ombo ta Masar an daɗe ana yin allo da tuƙar rake. A Ruwanda kamfanin Strawtec ya matse karan alkama ya yi bangon ɗaki. Kurfai kuma ƙasar hatsi ce, bayan girbi gonaki cike suke da kara.

Amma wa ya ce karan nan ba shi da mai shi? Wanda ya tashi a ƙauye ya san da shi ake darni da rumbu da rumfa, shi ake tarawa a kan danki saboda watannin bazara, lokacin da damin kara ke zama kuɗi a kasuwar dabbobi ta Baleyara. Wanda aka bari kwance a gona kuma aiki yake yi. Binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ya daɗe da nuna cewa karan da aka bari a ƙasa yana tare rairayin da iska ke kwashewa, yana kuma ƙara amfanin gona a shekara mai zuwa. Gonar manomi ta hekta guda sau da yawa ba ta ba da karan da ya wuce tan ɗaya zuwa biyu. Don a ciyar da ƙaramar masana'antar nan sai an share hekta dubu tara zuwa dubu goma sha bakwai ƙal, kowace shekara. Manomi zai karɓi 'yan jikkuna a watan Nuwamba, ya biya su ninki da raguwar hatsi da ramar shanu. A yankin da rikicin manoma da makiyaya kan ragowar gona ba baƙon abu ba ne, wannan ƙara wa wuta fetur ne.

Akwai kuma matsalar fasaha. Bayan kara yana da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, gam ɗin yuriya ba ya kama shi da kyau, sai an koma wani gam mai tsada. A jihar Kaliforniya ta Amurka an kashe ɗaruruwan miliyoyin dala aka gina masana'antar CalPlant don yin allo da karan shinkafa. Ta shiga kotun fatara a 2021, daga baya ta rufe. Ba wuta suka rasa ba, ba hanya ba, ba kara ba.

Abin da Cikal ta riga ta gwada

Yankin Filinge ya taɓa fuskantar tambayar ƙarancin itace, ya kuma ba da amsar da ta zagaya Sahel. A 1980, a ƙauyen Cikal na ƙasar Kurfai, ƙarƙashin shirin Tapis Vert, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina rufa ɗaki da tubalin ƙasa zalla, a yi baka ko ƙubba, ba azara ba ƙarfe. Abin da ake kira gini ba itace ke nan, wanda daga baya ya bazu a Nijar ya shiga Mali da Burkina Faso. Hikimar ita ce, maimakon a nemo sabon abin da zai maye gurbin katako, a rage buƙatarsa tun daga tushe. Matasan da ke neman dabara a bidiyon Sin da Indiya da yawansu ba su san an yi wannan a ƙofar gidansu ba.

A kan wannan tunani ne allon garin katako ke da gurbi a Imanan, amma wani iri daban: wanda ake kwaɓawa da siminti maimakon gam. Cibiyar binciken gandun daji ta Najeriya da ke Ibadan ta shafe shekaru tana aiki a kansa. Ana jiƙa garin a ruwan zafi don a wanke zaƙin itace da ke hana siminti kamawa, a haɗa awo ɗaya na gari da awo biyu zuwa uku na siminti bisa nauyi, a zuba a ma'auni, a danne da jak irin na mota, a kwance washegari, a bar shi ya yi makonni huɗu yana ƙarfi a inuwa. Ba ya son lantarki mai yawa, ba ya son gam daga waje. Siminti kuwa ana yin sa a Malbaza da Badagishiri, kuma gwamnati ta rage farashinsa a watan Oktoban 2024 bayan ambaliyar da ta kashe fiye da mutum 300 ta rusa dubban gidaje. Gara ba ta cin wannan allo, ruwa ba ya kumbura shi, wuta ba ta kama shi da sauƙi. Aibinsa nauyi, kusan ninki biyu na agilomere, kuma yana cinye haƙoran zarto. Ba za a yi gadon amarya da shi ba. Na silin ne da raba ɗaki. Ƙaramin wurin aiki mai yin allo ashirin ko talatin a rana zai iya rayuwa da buhunan garin da motocin da suka kai kaya Yamai za su dawo da su, a gwada ƙara ɓuntun shinkafa daga injinan casa na bakin kogin Kwara. Daidai ruwa daidai tsaki.

Wa zai saya? Nan ne Imanan ta fi wasu wurare sa'a, domin tana da buƙatu biyu da ke jiran irin wannan kaya.

Ta farko dankali. Bonkuku ta yi suna da dankalin turawa, saboda ruwa a Dallol kusa yake, rijiya ba ta nisa. Ana shukawa da sanyi, akasari da irin da aka sayo daga Turai da tsada, a haƙe daga Janairu zuwa Maris. Kowa a lokaci guda yake haƙa, kasuwar Yamai ta cika, farashi ya faɗi. Wanda ya ce zai ajiye, zafin Afrilu mai wuce digiri 40 na jiransa, a ƙarƙashin kwano dankali ba ya kwana da yawa. Manomin da ya ci bashin iri dole ya sayar a farashin da dillali ya yanka. Ɗakin ajiya na ƙasa mai kaurin bango, da rufin baka irin na Cikal ko silin da ke tare zafin kwano, da tagogin da iska ke ratsawa da dare, ba zai zama firji ba. Amma ko makonni kaɗan ya ƙara wa dankali, ya ba manomi bakin yin ciniki. A ganina duk ɗan Imanan da ke waje yana neman inda zai sa kuɗinsa, wannan ya fi masa injin matsa.

Ta biyu makaranta. A zamanin Bazoum gwamnati da kanta ta ce akwai azuzuwan zana kimanin 36,000 a ƙasar. Ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta kashe aƙalla yara 20 a irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Ranar 8 ga Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. Duk ajin da za a gina a madadinsu yana son silin, in ba haka ba yara su gasu a ƙarƙashin kwano. Silin na siririn katako da aka saba sawa, damina biyu uku ya fara lanƙwasa, jemagu su tare a ciki. Idan hukumomin gunduma da masu kwangilar gina azuzuwa suka amince da allon siminti na gida, kasuwa ta samu tun kafin a kwaɓa buhun farko.

Sai dai amincewar ba za ta zo da fatar baki ba. Allon da za a rataya a kan yara sittin dole a auna ƙarfinsa, a san nauyin da katakon rufi zai ɗauka. Makarantar EMIG da Jami'ar Abdou Moumouni suna da ɗakunan gwaji da ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Hukumar ANMC aikinta ke nan ta fitar da ma'aunin inganci. Asusun FAFPA kuma an kafa shi ne don horar da masu sana'a. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar a buɗe gadar Gaya kafin ya fara.

Kafin nan, agilomere na waje zai ci gaba da shigowa, kuma mai aiko da kuɗin kayan ɗaki daga ci-rani ya kamata ya san abin da yake saye. Allon gam ba ya shiri da ruwa: ƙafar kabad da ke zaune a daɓen da ake wankewa kullum za ta kumbura ta rududduge, kuma ƙusar da ta fita daga cikinsa ba ta komawa ta kama. A sa kafinta ya yi ƙafafu da firam da katakon gaske, ya liƙe duk gefen da aka yanka. Warin nan mai yaji da ke sa ido ruwa idan an buɗe sabon kabad, fomaldihaid ne ke fita, kuma zafi na ƙara fitar da shi. Tun 2004 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo sankara ga ɗan Adam. A Turai allon da za a sa a ɗaki sai ya cika ma'aunin da ake kira E1, ana kuma buga alamar a jikin kaya ko takardarsa. A tambayi mai shago ko nasa na da ita. Idan babu, a bar kayan su sha iska kwanaki a rumfa kafin a shigar da su ɗakin da amarya za ta kwana ƙofa a rufe.